Ina Mai Kyamara Ya Tsaya?

(Kiɗan kalangu na buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Ina gaida manoman da suka dawo daga gona suka jingine fartanya, da iyayenmu mata da ke gaban murhu rediyo na gefe, da direbobin da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, da 'yan acaɓa da ke jiran fasinja a bakin tasha. Mutanen Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Ɗandume, Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, sannunku da aiki, Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Yau na ɗauko wa kaina aiki mai wuya, domin zan yi maganar hoto a rediyo. Kamar mutum ne ya tashi kwatanta wa wani ɗanɗanon mazarƙwailar Ɗanja ta waya. To amma tunda kusan kowane gida yanzu akwai wayar da ake kallo a cikinta, in ba a aljihunka ba to a aljihun ɗanka, ina ganin za mu fahimci juna. Batunmu shi ne bidiyon waƙa, irin waɗanda yaranmu ke zuwa shagon caji a tura musu a memori, ko su sauke daga YouTube da TikTok. Tambayar da nake so mu riƙe har ƙarshen shirin guda ce: sa'ad da aka ɗauki wannan hoton, ina mai kyamara ya tsaya?

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Wata ranar Asabar cikin watan Agusta, wani ɗan yayata ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, abokina ya yi waƙa a situdiyo, yau za mu ɗauki bidiyo, zo ka ga aiki." Na ce, "Kai yaro, ina kuka samu kuɗin bidiyo?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kai dai zo." Na je. Abin da na tarar bai taka kara ya karya ba. Mota ce baƙa ta aro, mai ita yana tsaye a gefe yana duba agogo, domin awa biyu ya ba su. Shaddar da mawaƙin ya sa ta wansa ce, har an ɗan naɗe hannun. Yaran unguwa da aka tara ba su kai talatin ba, an yi musu alkawarin alewa. Waƙar tana tashi daga wata 'yar sifika, shi kuma yana motsa baki yana bin ta, abin da 'yan fim ke kira mamin. Sai na ga mai kyamara ya kwanta rub da ciki a ƙasa, a cikin ƙura, ya ɗaga kyamarar sama yana kallon mawaƙin daga wajen takalmi. Da ya tashi, sai ya ce wa yaran su matse wuri ɗaya, ya shiga tsakiyarsu har kafaɗunsu na gogar kyamarar.

Bayan mako biyu aka kawo mini bidiyon a waya. Jama'a, na rantse da ban je wurin ba da na ce wani ɗan hamshaƙin attajiri ne. Yaron nan da na sani, wanda bai kai ni tsawo ba, ya zama wani dogo yana kallon duniya daga sama. Yara talatin sun cika hoton maƙil, ba ka ganin inda suka ƙare, sai ka ɗauka gari ne ya fito. Mai mota da agogonsa babu shi. Kwatar da ke bayansu babu ita. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a gaban kyamara yana rufewa sarai, muddin mai ɗauka ya san inda zai tsaya.

Wannan kwanciya da ya yi a ƙasa ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Ku tuna ranar hawan Sallah, in Sarkin Maska ya fito a Funtuwa ko Galadiman Katsina a Malumfashi. Yana bisa doki, kana ƙasa, dole ka ɗaga kai. Ɗaga kan nan shi kansa girmamawa ne, tun kafin ka ɗaga hannu ka yi jinjina. Mai kyamara ya san haka. In yana so ka ga mutum da kwarjini, sai ya sa idonka a ƙasa. In yana so ka tausaya masa, ko ka raina shi, sai ya hau sama ya leƙo shi, ka gan shi ɗan mitsitsi a tsugune. In kuma so yake ka ji kamar ɗan'uwanka ne, sai ya daidaita kyamarar da idonsa, ya matso har ka ga gumin goshinsa. Kai kana zaune a kan benci a shagon caji ba ka motsa ba, amma an kwantar da kai, an ɗaga ka, an matso da kai, ba tare da an nemi izininka ba.

Mu a wannan yanki ai mun san waƙa kafin ta samu hoto. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori, ya daɗe a nan Funtuwa, ya rasu a 1999, bai buƙaci darakta ba. Da ya yi waƙar kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969, mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa ganin kumbo? Amma kowa ya ƙera nasa a cikin kansa. In Shata ya wasa wani direba ko wani basarake, kai ne za ka ɗinka masa riga, ka zaɓa masa fuska. Ko faifan bidiyonsa da gidajen talabijin suka ɗauka, ku duba ku gani: ga Shata a tsaye, ga makaɗan kalangu, ga 'yan amshi, kyamara ta kafe tana kallo kamar baƙon da aka ba tabarma. Labarin duk yana bakinsa. Yau kuwa an raba aikin biyu. Mawaƙi yana faɗin nasa, kyamara tana faɗin nata, kuma sau da yawa nata ne ke kwana a zuciya.

Yadda muka iso nan ba ɓoyayye ba ne. Dattawanmu sun ga majigi, motar da ke zuwa da dare a kafa farin ƙyalle a filin gari. Wasunsu har yau suna tuna Baban Larai, fim ɗin shekarun 1950 da aka yi don jan hankalin manoma, mu kuwa ƙasar auduga ce, shaida ga injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi. Daga nan finafinan Indiya suka mamaye gidajen silima, muka saba da saurayi da budurwa suna zagaya bishiya suna waƙa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, sannan a 1999 Sangaya ya zo ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa da rawa su ke sayar da kaset. A can waje kuma tashar MTV ta buɗe a Amurka a 1981 ba ta da aiki sai nuna bidiyon waƙa, Michael Jackson ya fitar da Thriller a 1983, waƙa guda amma fim na kusan minti 14. Waɗannan koguna biyu, na Indiya da na Amurka, su suka haɗu a wayar ɗanka. Shi ya sa za ka ga yarinya ta sauya kaya sau bakwai a waƙar minti huɗu, wannan gadon Indiya ne, saurayin kuma ya jingina da mota ya harɗe hannu yana kallon kyamara ido cikin ido, wannan kuma na Amurka ne.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato teburin mai tace hoto, wanda 'yan fim ke kira edita. Ku ba ni kunnuwanku a nan. Kimanin shekara 100 da suka wuce, wani mai shirya fim a ƙasar Rasha, sunansa Kuleshof, ya yi wani gwaji. Ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa, fuska sake, ba fara'a ba fushi. Sai ya haɗa ta da hoton kwanon miya ya nuna wa mutane, suka ce kai, mutumin nan yunwa yake ji. Ya haɗa wannan fuskar dai da hoton yarinya a akwatin gawa, suka ce dubi baƙin ciki a idonsa. Ya haɗa ta da hoton wata mace a kishingiɗe, suka ce so ne ya kama shi. Fuska ɗaya ce, ko gira bai ɗaga ba. Masu kallo ne suka zuba mata yunwa da baƙin ciki da so, saboda abin da aka ajiye kusa da ita.

Ku kawo wannan gida. Lokacin siyasa ya zo, an saki waƙa. Mu nan ba baƙi ba ne a wannan fage, tunda Dauda Kahutu Rarara ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja ne, kuma ba shi kaɗai ke sana'ar ba, kowace jam'iyya da nata mawaƙan. Ɗauki bidiyon kowannensu, na jam'iyyar da kake so da na wadda ba ka so, ka lura da jerin hotunan. Fuskar ɗan takara yana murmushi. Sai sabuwar kwalta shimfiɗe, an ɗauko ta daga sama da ɗan jirgin nan mai kyamara. Sai wata tsohuwa tana dariya tana ɗaga hannu. Sai buhunan taki jibge. Babu wanda ya buɗe baki ya ce maka shi ya yi titin. Babu wanda ya ce tsohuwar nan don shi take dariya, wataƙila jikanta ne ya yi mata barkwanci a wajen suna. Babu wanda ya gaya maka takin na wace shekara ne, ko a wace jiha aka ɗauki hoton. Kai ne ka ɗinke su da zaren kanka, ka tashi kana cewa ai na gani da idona. Ana cewa gani ya kori ji. Ni dai tunda na zauna kusa da mai tace hoto na ga yadda yake ɗauko wannan ya manna da wancan yana kurɓar shayi, na rage sakin jiki da karin maganar nan.

Kada wani ya ce na zo ɓata sana'ar mutane. Wallahi akwai gwaninta a cikinta, kuma inda ta fi burge ni shi ne waƙoƙin soyayya. Ku duba matsalar da daraktan Bahaushe ke ciki. An ba shi waƙar Umar M. Shareef ko ta Nura M. Inuwa ko ta Hamisu Breaker, kalamai kamar zuma, an ce ya nuna so, amma kada saurayi ya taɓa budurwa. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana kallo, malamai suna kallo, uwar yarinyar ma tana kallo. Takwaransa na Legas ba shi da wannan takunkumi. To sai Bahaushe ya koma ga dabara. Zai nuna idonta ta sunkuyar, sai ya yanka ya nuna nasa yana kallo, kai kuma ka haɗa. Zai sa iska ta kaɗa gefen gyalenta ya rage gudun hoton, daƙiƙa ɗaya ta zama uku. Zai ɗinka musu kaya launi ɗaya, shi shuɗiyar shadda ita shuɗin leshi, tun kafin a ce komai ka san an dace. Zai tsayar da su da bishiya a tsakani, ko taga, ko ƙyauren mota. Ranar da suka ɓata, sai ya janye kalar hoton ta koma toka-toka, ya tura shi can ƙarshen hoto shi kaɗai, fili fetal a gefensa inda da take tsayawa. Wannan filin da babu kowa ya fi hawaye magana. Kunya ce aka mayar da ita harshe, kuma ni a ganina ya fi na masu rungume-rungume daɗin kallo, don yana barin mai kallo ya yi aiki da hankalinsa.

In kuna son sanin nauyin wannan tazara, ku tuna watan Oktoba na 2016. Mawaƙi ClassiQ ya fitar da bidiyon waƙarsa tare da jaruma Rahama Sadau, aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. 'Yan daƙiƙoƙi ne. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korarta daga masana'antar, maganar ta kai har jaridun ƙasashen waje, ita kuma ta fito ta ba da haƙuri. Mutum nawa ne a cikin masu cece-kucen za su iya kawo baiti ɗaya na waƙar? Hoton ne ya yi magana, shi aka hukunta.

Akwai kuma abin da ke faruwa a bayan mawaƙi, wanda ido ke tsallakewa amma zuciya ta ajiye. A 2018 wani mawaƙin Amurka, Childish Gambino, ya yi bidiyon This Is America: yana gaba yana rawa yana washe baki, a bayansa ana tarzoma ana gudu. Cikin wata guda mawaƙi Falz, ɗan lauya Femi Falana, ya yi irinsa a Legas ya kira shi This Is Nigeria. Shi ma yana tafe yana waƙa, a bayansa ana nuna cin hanci da shan kodin da cin zalin da 'yan sanda ke yi. Dabara ce mai kyau. Amma a ciki ya sa 'yan mata da hijabi suna rawa, ya kuma sa wani da shigar Fulani ya ɗauki adda ya auka wa mutum. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta yi tir, ta nemi a janye bidiyon. Wasu suka ce ai gaskiya ya faɗa, wasu suka ce ya yi wa al'umma guda kuɗin goro. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, hula da sanda da rawani ba ado kawai ba ne a gaban kyamara. Duk wanda aka sa wa shigar wata ƙabila aka ba shi makami, an yi magana a kan miliyoyin mutane ba tare da an furta kalma ba. Mu da muke zaune a yankin da rashin tsaro ya raba maƙwabci da maƙwabci, daga Faskari zuwa Sabuwa, mun fi kowa sanin abin da irin wannan hoto ke iya haifarwa. Yaranmu masu ɗaukar bidiyo, ku yi hattara da wa kuke sa wa rigar mugu.

Yanzu bari in fito da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar da na je kallon ɗaukar bidiyon nan da na ba ku labari, bayan gidan da suka tsaya gona ce. Masara ta yi kai, ta fitar da gemu, kore shar har inda ido ya tsaya, hadari ya haɗo ta gabas, hasken la'asar ya zubo a kanta kamar an watsa zinariya. Na ce wa ɗan yayata, "Ku juya kyamarar nan mana." Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Haba Kawu, so kake a ce mu 'yan ƙauye ne?" Suka juya wa gonar baya, suka fuskanci katangar wani gida mai fenti.

Na yi ta tunanin maganar yaron nan, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da aka koya wa idonsa ke nan. Ku lura da kyau, a yawancin bidiyon da ke ba da labarin talaka ya yi arziki, ina ake nuna gona? A farko. Ga shi da yagaggiyar riga, ga fartanya a kafaɗa, hoton an dusashe shi, budurwa ta wuce ta yi masa kallon banza. Sai amshi ya zagayo, kala ta dawo, ga shi a birni, ga bene, ga gilashi a ido. Waƙar ba ta ce noma wahala ce ba, wataƙila ma haƙuri da dogaro ga Allah take wa'azi. Kyamara ce ta faɗa. Yaro ya kalli irin wannan sau ɗari kafin ya kai shekara 15, sannan mu zauna a majalisa muna mamakin me ya sa ya fi son ya tafi Abuja ya yi acaɓa da ya taya ubansa huɗa. Alhali manyan motocin da ke lodin masara da waken suya a kasuwar Ɗandume ba duwatsu suke ɗauka ba, kuma mun san gidaje da motoci da kujerun Makka da aka biya da kuɗin gona. Ban taɓa ganin an kwanta a ƙasa an ɗauki manomi daga wajen takalmi ba, yana tsaye a kan tarin buhunansa ranar kaka. Ga dam ɗin Mairuwa, ga rake a fadamun Ɗanja, ga auduga in ta fashe fari fat, ga tsohon layin dogo da ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Duk wannan yana nan kyauta, ana barinsa ana zuwa biyan kuɗin haya a harabar otal.

Kuma kada ku ce sai mai babbar kyamara. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye Arewa, kuma hotunan da suka fi yawo ba daga hannun wani darakta suka fito ba, matan aure ne a ɗakunansu da wayoyinsu, har abin ya jawo muhawara. Ko me mutum zai ce game da dacewar hakan, ya nuna cewa kyamara ta bar hannun 'yan ƙalilan. Wayar da ke hannunka ita ce majigin yau, kai ne direban motar, kai ne mai kafa ƙyallen.

Lokaci yana hararata, mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Ga ɗan aikin gida, ba ya cin data mai yawa. Yau da dare, Malam, in an idar da sallar isha'i, kira ɗanka ko 'yarka, ka ce a buɗe maka waƙar da suka fi so. Kada ka yi faɗa, kada ka ƙwace wayar. Ku kashe sautin gaba ɗaya ku kalla shiru. Ku ƙirga sau nawa hoton ya sauya a cikin minti ɗaya, za ku sha mamaki. Sannan ka tambaye shi, wa aka ɗauka daga ƙasa, wa aka leƙo daga sama, me ke bayan mawaƙin, kuma da kurma ne ya kalli wannan, wane labari zai ce an ba shi? Hajiya, ke ma ki gwada da 'yan matanki. Bayan nan ku mayar da sautin ku ji ko bakin mawaƙin da idon kyamarar magana ɗaya suke yi.

Ku kuma samarinmu masu ɗaukar bidiyo a Funtuwa da Malumfashi da Bakori, ina roƙonku abu ɗaya. Kafin a kwashe amfanin bana, wani a cikinku ya juya kyamararsa ta fuskanci gona, ya kwanta a ƙasa ya ɗauki mahaifinsa. In ya yi, ya kawo mini nan tashar, ni da kaina zan faɗi sunan waƙar a wannan fili.

Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. 

(Kiɗan kalangu na rufe shiri)